Tambayoyin Masu Karatu: Cibiyoyin Binciken Gado da Furotin a Jami'o'i

A wannan fitowar mun ware wasiƙun da suka shafi ɗakunan gwaji na jami'o'i, musamman cibiyoyin da ke karanta kundin gadon halittu, wanda masana ke kira jinom, da kuma waɗanda ke nazarin furotin. Mun taƙaita wasu tambayoyin, mun kuma haɗa waɗanda suka yi kama da juna.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a shekarar ƙarshe a fannin nazarin ƙananan halittu. Malamin da ke duba aikina ya ce in kai ƙwayoyin bakteriyar da na raina zuwa cibiyar haɗaka ta jami'a domin a karanta mini DNA ɗinsu. Me ya sa sashenmu bai mallaki tasa na'urar ba, kuma wane irin aiki zan nema idan na je?

AMSA: Wa alaikumus salam. Karanta DNA yana nufin gano yadda haruffa huɗu, wato A da C da G da T, suka jeru ɗaya bayan ɗaya a cikin zaren gadon halitta. Hanyar da Frederick Sanger ya fito da ita a Cambridge ta Ingila a 1977 tana karanta haruffa 700 zuwa 900 a lokaci guda, kuma da ita aka yi gagarumin aikin karanta kundin gadon ɗan Adam, mai haruffa kusan biliyan 3, wanda aka soma a 1990 aka kammala a 2003, da haɗin gwiwar cibiyoyi 20 daga ƙasashe 6, bayan an kashe kuɗin da ya kusa dala biliyan 3. A yau babbar na'ura ɗaya ta kamfanin Illumina tana karanta kundin gadon mutane da dama cikin kwana biyu. Wannan ƙarfin da kansa shi ne dalilin da ya sa ba a ajiye irinta a kowane sashe.

Ga yadda lamarin yake. Duk lokacin da aka tayar da na'urar, sai an zuba mata kwalin sinadarai da farantin da ake shimfiɗa DNA a kansa, kuma da zarar an yi aiki da su sau ɗaya sun ƙare, ko samfur biyu aka saka ko ɗari biyu. Saboda haka sashen da ke da samfura kaɗan a wata zai yi asara mai yawa, ko kuma ya bar na'urar tana zaune har sinadaran su lalace. A cibiyar haɗaka kuwa, ana liƙa wa kowane samfur wani ɗan gajeren zaren DNA a matsayin lambar shaida, a cakuɗa na masu bincike da yawa a karanta su tare, sannan kwamfuta ta rarrabe wa kowa nasa. Ƙara da cewa na'urorin suna buƙatar wutar lantarki da ba ta yankewa, da ɗaki mai sanyi daidai gwargwado, da yarjejeniyar gyara da kamfanin da ya ƙera su, za ka ga cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai dai a ganina abin da ya fi na'urar daraja a irin waɗannan cibiyoyi shi ne ma'aikatansu, waɗanda suka yi wannan aiki sau dubbai, suka san kalar kuskure tun kafin ya gama bayyana.

Game da abin da za ka nema, ya danganta da tambayar bincikenka. Idan sunan bakteriyar kawai kake son tabbatarwa, ya wadatar a ninninka wani ɓangaren gado da ake kira 16S, mai haruffa kusan 1,500, ta hanyar PCR, sannan a karanta shi da tsohuwar hanyar Sanger, wadda har yanzu ita ce mafi sauƙi ga ƙaramin aiki. Idan kuwa kana son sanin ko tana ɗauke da gadon bijire wa magunguna, to sai a karanta kundin gaba ɗaya, wanda a bakteriya irin E. coli ya kan kai haruffa miliyan 4.6 ko fiye. A nan za su tambaye ka ko kana son gajeren karatu ko dogo. Na'urorin Illumina suna fitar da gutsattsari masu haruffa 150 zuwa 300, masu ƙarancin kuskure, amma idan kundin yana da wuraren da jimla ɗaya ke ta maimaituwa, kwamfuta tana ruɗewa wajen jera su. Na'urorin Oxford Nanopore da PacBio suna karanta haruffa dubu goma ko fiye a zare ɗaya, su tsallake wannan matsala, kuma da taimakonsu ne aka cike kusan kashi 8 cikin 100 na kundin ɗan Adam da ya rage, aikin da aka wallafa a 2022. Ka je musu da tambayarka a rubuce, su za su gaya maka wadda ta dace.

TAMBAYA: Malam, ina digiri na biyu, kuma na shafe watanni ina tattara samfura 40 na naman hanta daga dabbobin gwaji domin in ga waɗanne ƙwayoyin gado ne ke aiki a cikin marasa lafiya. Da na kai cibiyar sai suka auna suka ce RNA ɗin ya ruɓe, ba za su saka shi a na'ura ba. Na ce zan biya kuɗin a hakan, suka ƙi. Shin suna da ikon yin haka? Raina ya ɓaci ƙwarai.

AMSA: Malama, na fahimci zafin da kike ji, domin ba ƙaramin abu ba ne mutum ya ga wahalar watanni tana neman tafiya a banza. Amma ina roƙonki ki ɗauki ƙin da suka yi a matsayin taimako. Da sun karɓi kuɗinki sun saka samfuran, na'urar ba za ta ƙi ba, za ta fitar miki da miliyoyin layukan bayanai, kuma za ki shafe wasu watannin kina fassara abin da ruɓewa ta haifar kina zaton cuta ce ta haifar da shi. Wannan ya fi asarar yanzu muni nesa ba kusa ba.

RNA, wato kwafin saƙon da ƙwayar halitta ke ɗauka daga DNA domin gina furotin, ya bambanta da DNA wajen rauni. Akwai wasu enzayim da ake kira RNase waɗanda aikinsu shi ne daddatsa shi, kuma suna nan a fatar hannunmu, da ƙurar ɗaki, da cikin naman da kika yanko kansa, wasunsu ma ko an dafa su a tukunyar kashe ƙwayoyin cuta ba sa mutuwa gaba ɗaya. Daga lokacin da aka raba nama da jiki suke fara aiki. Shi ya sa ake jefa samfur nan take cikin ruwan naitirojin, mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyos, ko cikin ruwan da aka haɗa musamman domin tsare RNA, sannan a ajiye shi a firiza mai digiri 80 ƙasa da sifili. Duk lokacin da ya narke aka sake daskarar da shi, wani kaso ya lalace. Awon da suka yi miki mai yiwuwa shi ne wanda ake kira RIN, wanda ke ba da maki daga 1 zuwa 10, kuma cibiyoyi da yawa suna neman 7 ko sama da haka ga irin aikinki.

Ki koma wurinsu ki nemi su nuna miki makin kowane samfur daban. Yana yiwuwa wasu daga cikin arba'in ɗin suna da kyau. Haka kuma akwai hanyoyin shirya samfur da aka tsara domin RNA da ya ɗan gutsuttsure, irin waɗanda ake bi da tsofaffin naman asibiti da aka adana cikin kakin farafin, kuma ma'aikatan za su iya gaya miki gaskiya ko naki zai jure su. Abu ɗaya da zan gargaɗe ki a kai shi ne, idan na marasa lafiya ne suka ruɓe na masu lafiya suka tsira, ko akasin haka, to kwatanta su ba zai yiwu ba ko da wace hanya aka bi.

Bari in yi amfani da wasiƙarki in faɗi abin da ya daɗe yana damuna. Mafi yawan masu bincike suna zuwa cibiyar haɗaka ne a ƙarshen aiki, da akwatin samfura a hannu, kamar mai kai takarda a buga masa, alhali lokacin da ya kamata a je shi ne kafin a ɗauki samfur na farko. Zaman sa'a ɗaya da ma'aikatan a wancan lokacin zai fayyace yawan naman da ake buƙata, da irin bututun da za a zuba shi, da yadda za a daskarar da shi, da yadda za a yi jigilarsa cikin busasshiyar ƙanƙara. Zai kuma fayyace abin da ya fi waɗannan ɓoyuwa, wato tsarin gwajin kansa. Misali, idan aka tatsi RNA na dukan marasa lafiya ranar Litinin da kwalin sinadari ɗaya, aka tatsi na masu lafiya ranar Alhamis da wani kwalin, to duk bambancin da aka gani a ƙarshe babu mai iya rantsewa ko na cuta ne ko na rana, kuma babu wata dabarar lissafi da za ta raba su bayan sun haɗu. Maganinsa shi ne a cakuɗa rukunonin tun daga farko, kowace rana a yi wasu daga nan wasu daga can. Haka kuma raba hantar dabba ɗaya gida uku ba ya zama maimaici uku. Ana buƙatar dabbobi daban-daban, aƙalla uku a kowane rukuni, kuma shida sun fi uku amfani sosai. Masanin ƙididdiga Ronald Fisher ya faɗa a wani jawabi da ya yi a Indiya a 1938 cewa kiran masanin ƙididdiga bayan an gama gwaji tamkar kiransa ne ya binciki gawa, iyakar abin da zai iya shi ne ya faɗi abin da ya kashe gwajin. Idan har za ki sake tattara samfura, ki fara da biyu ko uku kacal, ki kai a auna, sai sun ci jarrabawa ki ci gaba da sauran.

TAMBAYA: An koya mana cewa DNA ne ke ɗauke da umarnin gina kowane furotin. To idan an riga an karanta DNA, me ya sa jami'o'i ke kashe maƙudan kuɗi wajen buɗe wata cibiya daban domin furotin?

AMSA: Tambayarka tana da ma'ana, kuma akwai inda DNA kaɗai yake ba da amsa. Cutar sikila misali ce mai kyau: harafi ɗaya ne ya canja, GAG ya koma GTG, sai amino asid (tubalin gina furotin) na shida a ɗaya daga cikin sarƙoƙin hemogulobin, furotin mai ɗaukar iskar oksijin a jini, ya tashi daga gulutamik asid ya koma balin. Sai dai ka lura cewa a furotin aka fara gano wannan, domin Linus Pauling da abokan aikinsa sun nuna a 1949 cewa hemogulobin mai sikila ya bambanta da na mai lafiya, Vernon Ingram kuma ya gano ainihin amino asid ɗin da ya canja a tsakanin 1956 da 1957, tun kafin a iya karanta DNA.

Ɗan Adam yana da ƙwayoyin gado masu gina furotin kusan 20,000, kuma kusan dukansu suna nan a ƙwayar hanta kamar yadda suke a ƙwayar ƙwaƙwalwa. Abin da ya raba ƙwayar hanta da ta ƙwaƙwalwa shi ne waɗanne furotin aka gina, nawa aka gina, a ina aka ajiye su, da kuma abin da aka yi musu bayan an gina su. Ana liƙa wa furotin fosfet ko sukari, ana yanke masa wani ɓangare, ana rushe shi idan ya gama aiki, kuma liƙa fosfet ɗaya na iya kunna shi ko kashe shi cikin daƙiƙoƙi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke rubuce a jerin haruffan DNA. Ko yawan RNA ba ya nuna yawan furotin daidai wa daida.

Babbar na'urar wannan cibiya ita ce ma'aunin nauyin ƙwayoyin sinadarai. Ana fara daddatsa furotin da enzayim mai suna tiripsin, wanda ke yanka a bayan amino asid biyu, laisin da arjinin, sai a tura gutsattsarin ta cikin siririn bututu mai jinkirta wasu ya saki wasu, domin su fito bi da bi. A bakin bututun ana fesa su cikin ƙarfin lantarki su zama ƙwayoyi masu caji a iska, dabarar da ta sa John Fenn ya sami kyautar Nobel a 2002 tare da Koichi Tanaka na Japan da Kurt Wüthrich. Na'urar tana auna nauyin kowane gutsure, ta farfasa shi, ta sake auna ɓaraguzan, sannan kwamfuta ta kwatanta su da abin da kundin gado ya ce ya kamata a samu. Ka ga ke nan cibiyoyin biyu suna jingine da juna: idan ba a karanta kundin gadon wata halitta ba, gano furotin ɗinta yana da wuya ƙwarai.

Aikin furotin ya fi na DNA tsauri ta fuska ɗaya. Tun da Kary Mullis ya ƙirƙiro PCR a 1983, ana iya mayar da ɗan ƙanƙanin DNA ya zama kwafi biliyoyi, amma babu wata hanya makamanciyarta ga furotin, abin da ka kawo shi ke nan. A ruwan jini, albumin kaɗai ya haura rabin dukan furotin da ke ciki, yana danne waɗanda ba su da yawa, alhali sau da dama su ne ake nema. Na'urar kuma ba ta raina komai: ɗigon fatar hannu ko silin gashi zai cika sakamakon da keratin, ragowar sabulun gwaji kuma zai iya gurɓata bututun har ya ɓata aikin mutanen da ke biye. Wannan ne ya sa ma'aikatan ke tsananta tambaya a kan duk abin da aka zuba wa samfur, kuma ya wajaba a faɗa musu gaskiya.

TAMBAYA: Na ji an ce wata manhaja mai suna AlphaFold tana zana siffar kowane furotin cikin mintuna. Shin ɗakunan da ke gano siffar furotin sun zama tarihi ke nan?

AMSA: A'a, ba su zama ba. Gaskiya ne AlphaFold na kamfanin DeepMind ya ba duniya mamaki a gasar hasashen siffar furotin ta 2020, an saki hasashen siffofi sama da miliyan 200 a 2022, kuma Demis Hassabis da John Jumper sun raba kyautar Nobel ta 2024 da David Baker. Amma manhajar ta koyi aikinta ne daga rumbun Protein Data Bank, wanda aka buɗe a 1971 da siffofi 7 kacal, yanzu kuma ya haura 200,000, kowace ɗaya an gano ta a ɗakin gwaji, tun daga siffar mayogulobin da John Kendrew ya fitar a 1958. Hasashe yana nuna inda za a duba. Wanda ke son ganin yadda magani ya zauna a jikin furotin, ko yadda furotin ke sauya siffa yana cikin aiki, har yanzu yana buƙatar hasken eksire a kan furotin da aka mayar lu'ulu'u, ko madubin elektiron mai aiki da daskararren samfur, wanda ya kawo kyautar Nobel ta 2017. Irin wannan madubin yana da tsadar da sau da yawa jami'o'i da dama ne ke haɗuwa a kan guda ɗaya.

TAMBAYA: Malam, ni likita ce mai bincike. Muna shirin karanta kundin gadon marasa lafiyar da suka amince su shiga bincikenmu. Cibiyar ta ce za ta ba mu bayanan ta goge nata kwafin bayan wata uku, mujallar da muke son wallafawa a ciki kuma ta ce dole mu saka bayanan a rumbun da wasu za su iya dubawa. Yaya za mu yi da sirrin mutanen nan?

AMSA: Likita, kin yi daidai da kika tayar da wannan magana tun yanzu. Game da gogewa, abin da cibiyar ta faɗa ba baƙon abu ba ne, domin karanta kundin mutum ɗaya sau 30, kamar yadda aka saba domin a tabbatar da kowane harafi, yana fitar da bayanai da kan kai gigabait 100, kuma babu cibiyar da za ta iya riƙe na kowa har abada. Ku tanadi wurin ajiya guda biyu a wurare daban kafin bayanan su iso, ku tabbatar fayilolin sun sauka cikakku kafin wa'adin ya cika, ku kuma sa kuɗin ajiya da na masanin da zai yi nazarin bayanan a cikin kasafinku, domin nazarin ya kan ɗauki lokacin da ya ninka na karatun sau da yawa.

Al'adar raba bayanai tana da tushe mai kyau. A taron Bermuda na 1996, masu karanta kundin ɗan Adam sun amince su riƙa sakin abin da suka karanta cikin sa'o'i 24, kuma rumbunan GenBank na Amurka, da ENA na Turai, da DDBJ na Japan suna musayar bayanai a tsakaninsu kullum. Sai dai kundin gadon mutum ya bambanta da na bakteriya. Cire suna daga fayil ba ya ɓoye mai shi, domin jerin haruffan da kansa shaida ne, kuma yana tona wani abu game da iyayensa da 'ya'yansa da 'yan'uwansa, waɗanda ba su sa hannu a takardar komai ba. Labarin Henrietta Lacks, wata Ba'amurkiya, ya isa darasi: an ɗauki ƙwayoyin kansar jikinta a 1951 ba tare da saninta ba, aka yi ta bincike da su shekaru da dama, sannan a 2013 aka wallafa kundin gadonsu ba tare da an tuntuɓi zuriyarta ba, har sai da hukumar binciken lafiya ta Amurka ta zauna da iyalan aka cimma yarjejeniyar taƙaita masu duba bayanan.

Saboda irin wannan ne aka samar da rumbuna masu ƙofa, kamar dbGaP a Amurka da EGA a Turai, inda ba mai ganin bayanan sai ya rubuta buƙatarsa, wani kwamiti ya duba ya amince, ya kuma yi alkawarin ba zai nemi gano kowa ba. Mujallu suna karɓar wannan tsari. Abin da ya rage gare ku shi ne takardar amincewar da marasa lafiyar za su sa wa hannu ta faɗi a fili, cikin harshen da suke ji, cewa za a ajiye bayanansu a irin wannan rumbu, cewa masu bincike daga wasu ƙasashe za su iya dubawa, da abin da za a yi idan aka ci karo da wani gadon cuta da ba shi ake nema ba. Idan takardar da kuke da ita ba ta faɗi haka ba, ku mayar da ita ga kwamitin ɗa'ar bincike a gyara kafin a ɗebi jinin kowa. Su kuma samfuran, ku aika su cibiyar da lambobi kawai, takardar da ta haɗa lamba da suna ta zauna a kulle a wurinku, domin ma'aikatan ba sa buƙatar sanin sunan kowa kafin su yi aikinsu.